Fankar tsohuwar mota: ƙaƙa ake samun wadda ta dace?

A ƙauyuka da yawa na jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, mota guda ce ke yi wa jama'a aiki. Ita ke kai albasa, wake da gujiya kasuwa. Ita ke kawo taki da gishiri. In naƙuda ta yi wa mace tsanani da tsakar dare, ita ke kai ta likita. Sau da yawa motar nan tsohuwa ce, har ta girmi direbanta. Ran da ta kwanta, ba mai ita kaɗai ke shan wahala ba. Gari duka ne.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kwantar da irin waɗannan motoci shi ne zafin inji. Sau da yawa kuma tushen abin ƙarami ne. Fanka ta karye, an aiki yaron mota birni ya sayo wata. Ya ga mai kama da ita, ya biya, an ɗaura. Bayan kasuwa biyu ko uku inji ya ƙone a cikin rairayi. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Fanka ba a sayen ta da ido kaɗai. Aunawa ake yi kafin a biya, a gwada kafin a ɗauki hanya.

Mi ne ne aikin fanka?

Inji yana ƙona mai, saboda haka yana yin zafi ƙwarai. Ruwa ne ke zagayawa cikinsa yana kwashe zafin. Famfon ruwa yana tura ruwan zuwa tukunyar da ke gaban mota. Makanikai na kiran ta radiyate, a Najeriya kuma ana ce mata lagireto. A cikinta akwai ƙananan bututu masu yawa. Iska tana ratsawa tsakaninsu ta sanyaya ruwan, sannan ya koma cikin inji.

In mota na gudu bisa kwalta, iskar hanya ta isa. Amma in ta shiga rairayi da kaya, tana tafiya da ƙaramar giya, inji na wahala kuma iska ba ta shigowa. Haka ma in tana tsaye a tasha inji na aiki. A nan ne fanka ke da amfani. Ita ke jawo iska ta cikin radiyate.

Inji yana son ruwansa ya tsaya wajen digiri 80 zuwa 90. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100. A watan Afrilu da Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40 a inuwa. Ke nan iskar da za ta sanyaya ruwan ita kanta mai zafi ce. Fankar da ta rage ƙarfi kaɗan tana iya wucewa da lokacin ɗari, amma da bazara ba ta isa ba.

In ruwa ya tafasa aka ci gaba da tafiya, kan inji, wanda ake kira kilas, yana lanƙwashewa. Abin da ke tsakaninsa da jikin inji, wato juwan kilas, ya ƙone. Ruwa ya gauraya da mai, man ya koma fari-fari kamar an zuba masa madara. Gyaran wannan ya ninka kuɗin fanka sau da yawa, kuma mota za ta yi kwanaki a garaji.

Fanka iri huɗu ce

Kafin a nemi sabuwa, wajibi ne a san irin wadda ke cikin motar.

Ta farko ita ce mai juyawa kullum. An ɗaure ta da ƙusoshi a bakin famfon ruwa. Igiyar roba ce ke juya ta, wadda ake kira kuruwa, a Najeriya fambel. Muddin inji na aiki, ita ma tana aiki.

Ta biyu ita ce mai maganaɗisu. Ana samun ta a motocin Peugeot 404 da 504 da yawa. A jikin radiyate akwai wata ƴar ƙusa mai jin zafi, sunanta tarmokontak. In ruwa ya yi zafi sai ta saki wuta. Wutar ta bi ta wani ɗan gawayi ta shiga maganaɗisun da ke bakin famfo, shi kuma ya kama fanka ta juya da ƙarfi. In ruwa ya huce sai ya sake ta.

Ta uku ita ce mai man silikon. Ana yawan ganin ta a Toyota Hilux, Hiace da Land Cruiser. A tsakiyarta akwai wani faifan ƙarfe mai ɗauke da mai mai kauri. In iskar da ke fitowa daga radiyate ta yi zafi, man yana sa fanka ta kama sosai. In ta huce sai ta sassauta.

Ta huɗu ita ce mai lantarki. Tana da ɗan injinta na kanta, batir ke ba ta wuta. Ƙananan motocin da injinsu ke kwance a gicciye, kamar Toyota Starlet da Corolla masu jan ƙafafun gaba, irinta suke da ita.

A tabbata fanka ce ta lalace

Ba kowane zafin inji ba ne laifin fanka. Ga alama mai sauƙi. In mota na zafi a tsaye ko a cikin rairayi, amma ta huce da zarar ta hau kwalta ta yi gudu, a zargi fanka. In kuwa tana zafi ne lokacin gudu, a fara duba radiyate.

Ƙura, ƙaiƙayi, ƙarangiya da ƙwari suna toshe fuskar radiyate. Ruwan rijiya mai kanwa ko mai laka yana toshe bututun daga ciki. Kuruwa in ta saki tana zamewa, fanka da famfo duka su rage gudu. Marufin radiyate in robarsa ta mutu, ruwa na saurin tafasa. Duk waɗannan a duba su tukuna.

Daga nan a gwada fankar, kowace da irin gwajinta.

Mai maganaɗisu: sau da yawa ɗan gawayin ne ya cinye, ko tarmokontak ta mutu, ko waya ta tsinke. Waɗannan ƙananan kaya ne masu araha. Tana kuma da ƙusoshi uku na daidaita tazarar da ke tsakaninta da maganaɗisu. Tazarar ba ta kai rabin milimetir ba. In ta yi faɗi, maganaɗisu ba ya iya kamawa. In abin ya faru a daji, makaniki na iya ɗaure ƙusoshin nan uku, fanka ta riƙa juyawa kullum har a isa gari.

Mai man silikon: a kashe inji, a bari ya huce, a tura fanka da hannu. Mai lafiya tana da ɗan nauyi, ba ta yin nisa take tsayawa. In ta yi ta juyawa sakaka, man ya tsiyaye. In ta ƙi motsi sam, ta ƙage. Wasu irinta ana buɗe su a sake zuba man silikon. Man inji ba ya yin wannan aiki.

Mai lantarki: a jawo waya biyu daga batir kai tsaye zuwa gare ta. In ta juya da ƙarfi, lafiyarta lau. Laifin yana wurin fizibil, ko rele, ko tarmokontak.

Wanda ya yi wannan bincike, wani lokaci zai tarar ba ya bukatar sabuwar fanka ko kaɗan.

Abin da za a rubuta kafin a tafi kasuwa

In an tabbata sai an sake ta, a nemi takarda, alƙalami da abin awo mai santimetir. In babu abin awo, a yanki zare ko kara daidai tsawon, a tafi da shi.

Da farko a rubuta sunan mota, shekararta da irin man da take sha, isansi ko gazuwal. Motoci biyu masu suna ɗaya, in mansu ya bambanta, fankarsu ma takan bambanta. A rubuta lambar shasi. Tana cikin takardar mota, tana kuma bisa wani ɗan allon ƙarfe a jikin motar. Tun daga wajen 1981 lambar yawancin motoci tana da haruffa da alƙaluma 17. In akwai lamba a jikin tsohuwar fankar, ita ma a kwafe ta.

Amma lamba kaɗai ba ta isa ba. Motar da ta yi shekara 30 ko 40 tana aiki, mai yiwuwa an taɓa sake mata inji, ko famfo, ko radiyate. Abin da takarda ta faɗa dabam, abin da ke ƙarƙashin murfin inji dabam. Saboda haka a auna waɗannan abubuwa shida:

1. Faɗin fanka. A auna daga tsakiya zuwa bakin fiffike guda, a ninka biyu. In ta yi ƙanƙanta ba za ta ja iska isasshiya ba. In ta yi girma za ta bugi tiyo ko ƙawanyar da ke kewaye da ita.

2. Yawan fikafikai da faɗinsu. Mai fiffike huɗu da mai bakwai ba ɗaya suke jan iska ba.

3. Ramin tsakiya da ramukan ƙusoshi. A ɗora tsohuwar bisa kwali, a zana ramukan da alƙalami, a huda su. Kwalin nan shi ne shaida a kasuwa.

4. Filin da ke tsakanin bakin famfo da radiyate. Bayan an ɗaura fanka, ya kamata a samu tazarar yatsa biyu, wato santimetir 2 zuwa 3, tsakaninta da radiyate. Inji yana motsi in mota ta faɗa rami. In tazarar ta yi kaɗan, fiffike zai yanki radiyate ruwa ya zube.

5. Wajen da fikafikai suka karkata. Wasu fankoki an yi su su juya dama, wasu hagu. Wadda aka yi don hagu, in aka sa ta a injin da ke juya ta dama, tura iska za ta yi gaba maimakon ta jawo ta.

6. In mai lantarki ce, a duba ƙarfin wutarta. Ƙananan motoci 12 V suke, manyan motocin kaya 24 V. Wasu tsofaffin Land Cruiser masu gazuwal ma 24 V ne. A ƙirga wayoyinta, a dubi bakin da ake sokawa, a auna kunnuwan da ake ɗaure ta da su.

Mafi kyau duka, a tafi da tsohuwar fankar, ko da ta karye.

Ina ake nema?

An fara ƙera Peugeot 404 a Faransa a shekara ta 1960, 504 kuma a 1968. A 1975 aka buɗe ma'aikatar Peugeot a Kaduna, ta yi kimanin shekara 30 tana harhaɗa 504. Yau babu inda ake ƙera waɗannan motoci. Amma da yake sun yi yawa a ƙasar Hausa, kayansu ba su ɓace ba.

Hanyoyin samu uku ne. Akwai sabuwa ta asali, wadda ta rage a shaguna tun da. Ita ce mafi kyau, amma tana da wuyar samu kuma tana da tsada. Akwai sabuwa ta kwaikwayo, wadda wasu ma'aikatu ke yi. A cikinta akwai mai kyau, akwai marar ƙwari. Akwai kuma ta hannu, wadda aka kwance daga motar da ta mutu. Ta hannu ta asali mai lafiya takan fi ta kwaikwayo mai araha daɗewa.

A fara tambaya a garajojin da ke kusa, wurin tsofaffin makanikan da suka daɗe suna gyaran irin motar. Su ne suka san wace fanka ke shiga wace mota. In ba a samu ba, sai masu sayar da kayan mota na Maraɗi, Damagaram, Tawa, Ƙonni ko Yamai. Ƴan kasuwa kuma suna kawo kaya daga Najeriya, kamar kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna. Wanda zai yi saƙo, ya haɗa da kwalin nan da takardar awo. Saƙon baki kaɗai shi ke kawo kayan da ba su dace ba.

A gaban mai sayarwa

Kada a yi gaggawa. A ajiye tsohuwa da sabuwa a ƙasa gefe da gefe, fuskarsu guda tana kallon sama. Fikafikan su karkata waje ɗaya. A ɗora kwali a ga ko ramuka sun hau daidai.

Wasu na cewa in karkatar ta saɓa, sai a kifa fankar a ɗaura ta ta baya. Wannan kuskure ne. Kifa fanka ba ya juya wajen da iska ke bi. Ƙarfinta kawai yake ragewa.

In ta roba ce, a dubi gindin kowane fiffike da kyau. Nan ne tsagewa ke farawa. Robar da ta daɗe a rana takan yi fari, ta bushe, ta karye da wuri. In ta ƙarfe ce, a ƙi wadda aka yi wa walda ko aka miƙe da guduma. Wani gefenta ya fi wani nauyi. Za ta riƙa girgiza har ta kashe famfon ruwa, wata rana kuma fiffike ya fizge ya huda radiyate.

In mai man silikon ce, a duba ko akwai alamar mai da ƙura sun manne a jikinta. Wannan alamar yoyo ce.

In mai lantarki ce, a juya ta da hannu. Kada a ji ƙara, kada ta yi lilo. A shinshina, kada a ji ƙaurin ƙuna. A sa mai sayarwa ya haɗa ta da batir a gaban ido.

Kada a yarda a fafe ramuka da zarto don ƙusoshi su shiga dole. Fankar da ba ta zauna a tsakiya daidai ba, girgiza za ta yi.

Kafin a biya, a yi magana a fili: in ba ta shiga ba, za a maido ta. A yi wannan a gaban shaida, ko a karɓi takarda.

In ba a samu irin ta asali ba

Ana iya sa wa tsohuwar mota fankar lantarki ta wata mota. Wannan aikin mai gyaran wutar mota ne, kuma yana da sharuɗɗa.

A auna faɗi da tsayin radiyate, a zaɓi fankar da za ta rufe mafi yawan fuskarsa. Wadda ta zo da ƙawanyarta ta fi, domin ƙawanya ke sa iska ta bi ta cikin radiyate maimakon ta zagaye ta gefe.

Akwai mai jawowa, ana sa ta bayan radiyate, wajen inji. Akwai mai turawa, ana sa ta gabansa. Mai jawowa ta fi aiki. In an sauya wayoyi biyu, fanka takan juya baya, amma ba ta ba da iska kamar yadda aka yi ta.

Fankar lantarki tana cin wuta da yawa. Dole a sa mata waya mai kauri, fizibil da rele. In babu su, waya na iya yin zafi mota ta kama wuta. Motar da har yanzu take da tsohon dinamo, wutarta ba lalle ta isa ba, batir zai riƙa mutuwa. A tambayi mai gyara tukuna.

Ya fi kyau tarmokontak ta riƙa tayar da ita. In an sa maɓalli na hannu kaɗai, wata rana direba zai manta.

Kada a ɗaure fanka da waya ta cikin ramukan radiyate. Gargadar hanya za ta sa wayar ta ci bututun har su huje. A sa mai walda ya yi mata ƙafafun ƙarfe da za a ɗaure a gefe.

Ko an cire tsohuwar fanka, kuruwa tana nan a wurinta, domin ita ke juya famfon ruwa.

Bayan an ɗaura

Kafin a tada inji, a juya fanka da hannu a ga ba ta taɓa komi ba. A duba robobin da inji ke zaune bisansu. In sun mutu, inji zai riƙa tsalle, sabuwar fanka ma ta karye. A maida ƙawanya wurinta, kada a jefar da ita.

A tada inji, a bar shi ya yi zafi har fanka ta kama. A sa ƴar takarda a gaban radiyate, ta wajen hancin mota. In takardar ta manne, iska na bin hanyarta. In ta faɗi ko iska ta ture ta, a kashe inji, akwai kuskure.

Daga nan a bar mota tana aiki a tsaye kamar minti 15, ana kallon allurar zafi. Sannan a yi ƴar gajeriyar tafiya kusa da gari. A dawo a sake ɗaure ƙusoshi. Sai bayan haka ne za a yi lodin kaya da mutane.

Hattara

Fanka tana yanke yatsa. Kada a kai hannu kusa da ita inji na aiki. Mai babbar riga ko rawani ya tuɓe kafin ya sunkuya bisa inji. A kori yara daga wurin.

Fankar lantarki tana iya tashi da kanta, a wasu motoci ko an kashe inji. A cire wayar batir kafin a taɓa ta.

Kada a buɗe marufin radiyate yana da zafi. Ruwa da tururi za su yi tsalle su ƙona fuska. A jira ya huce. Kada kuma a kwarara ruwan sanyi cikin injin da ya tafasa, ƙarfen na iya tsagewa.

In allura ta kai ja a hanya, a tsaya. Jinkirin awa guda a gindin itace ya fi kwana goma a garaji.

Abin da za a riƙe

A san irin fankar da ke cikin mota. A tabbata ita ce ta lalace. A rubuta lambobi, a auna, a zana ramuka bisa kwali. A tafi da tsohuwar kasuwa. A gwada da takarda kafin a ɗauki fasinja. Takardar awon kuma a adana ta tare da takardun mota, domin ranar da za a sake bukatarta.